Rigar Watan Ƙari

Talata, 13 ga Yuni, bayan makaranta

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar Juma'a da mutanen nan biyu na hukuma suka zo suka buɗe firij ɗinmu suka ɗauke kwalbar maganin ƙanena Dohun, abin da ya fara faɗo mini a rai ba mahaifiyata Omma ba ce, ba ma Dohun ɗin ba ne. Littafina ne. Ina tsaye a ƙofar kicin da yatsana a tsakiyar shafi, daidai inda yarinyar labarin ta sauko daga jirgin ƙasa ba ta san saurayin yana bayanta riƙe da lema ba, sai na ji zuciyata ta ce, shi ke nan, na daina gama littafi.

Wace irin yaya ce wannan?

Bari dai in kare kaina, ko da a nan ne. Tun Dohun yana goye farfaɗiya take kayar da shi, wata rana tun safe har mu daina lissafi. An gwada masa magunguna har suka cika kwandon da ke kan firij. Ni kuwa na saba karatu da ido ɗaya, ɗayan yana kansa. Ko a tsakiyar sumba ake, in na ji cokali ya faɗi sai in wurgar da littafi. Na san farkon labarai da yawa, ƙarshensu ne ban sani ba.

Sai Omma ta samo man nan na ganyen da doka ta hana daga ƙasar waje, bayan wani likita ya rufe ƙofar ofishinsa ya raɗa mata sunan man, sannan ya ce mata shi dai bai ce komai ba. Ɗigo kaɗan a ƙarƙashin harshe, safe da yamma. Tun farkon sanyi ba a ƙara sa masa hular kwanon da take kare kansa in ya faɗi ba. Ya fara kirana Nuna kamar yadda kowane ƙane yake kiran yayarsa, yana da shekara bakwai. Ni kuma na gama littafi goma sha wani abu.

Kwalin da aka aiko na ƙarshe ne aka tare a filin jirgi. Daga can suka biyo adireshi.

Malamar ajinmu ta ce mu riƙa rubuta abin godiya kullum. To, na gode da mutanen sun cire takalmansu kafin su shigo. Ƙaramin cikinsu har ya durƙusa ya gaisa da Dohun.

Alhamis, 15 ga Yuni, da yamma

Omma ta wuni a hannun hukuma a birnin Andong ana yi mata tambayoyi. Ta dawo da wani ɗan fili a ƙeyarta, inda suka tsittsige gashi don su gwada ko ita ma tana sha. Ta juya mini in gani, tana dariya, wai baƙaƙen suka bi suka kwashe, furfurar kuwa suka bar mata kayanta. Na yi dariyar don kada ta yi ita kaɗai.

Makarantar da take dafa wa yara abinci sun ce ta huta a gida tukuna. In maganar ta kai kotu, hutun ba shi da ranar ƙarewa. Sauran abin da zai iya biyo baya ba wanda ya ambata.

Halmoni, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa shinkafarta ba. Tun tafiyar Appa, babana, ita da surukarta suke zaune lafiya, ban taɓa jin ta ɗaga wa Omma murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba, shi ya fi ciwo. Ta ce shekara sittin tana taɓa tsiron nan da ake yin man da shi, tana ɓare shi, tana tsaga shi, tana saƙa yadin sambe da zarensa, ko ganye ɗaya bai taɓa biyo ta gida ba. Ta ce ƙauyen nan da takardar izini yake noma shi, duk shekara a gaban ma'aikata ake ƙona ganyen, kuma ba a taɓa kiran sunan kowa ba. Yau ga shi an kira, kuma daga gidanta.

Omma ta kira ta yadda ake kiran uwar miji, ta ce, "Omonim, ba na gonarku ba ne. Daga waje ya zo."

"Wanda zai karanta a jarida ya san wannan? Wiwi zai gani, ya ga sunan garinmu."

Ban taɓa jin kalmar a bakin Halmoni ba sai yau.

Asabar, da safe

Bai faɗi ba. Ya cinye ƙwai biyu.

Litinin, 19 ga Yuni, da yamma

Na raka Omma wurin Lauya Bang. A littattafaina lauya dogo ne mai sanyin murya da wani tsohon ciwo a zuciya. Wannan gajeriya ce, tana magana tana cin naɗin shinkafa, kuma ta kira ni ɗaliba sau uku kafin ta tambayi sunana.

Ta ce mai gabatar da ƙara yana da ikon rufe maganar ba tare da ta je kotu ba, in ya gamsu. Abu biyu ake kai masa. Na farko takardar nadama, Omma za ta rubuta da hannunta cewa ta yi kuskure, tana kunyar abin da ta yi, ba za ta sake ba. Na biyu takardun roƙon sassauci daga dangi da maƙwabta, kowa ya sa suna ya dangwala babban yatsa da jar tawada. Gwargwadon yawan jan da ya gani, gwargwadon yadda zai san mace ce mai mutane.

Ta nuna mu da tsinken cin abincinta ta ce kada kowa ya kuskura ya rubuta cewa man ya yi amfani kamar mai talla. Ba a je can don a ci gardama ba, an je ne a sunkuyar da kai. Ta dube ni ta ce ni ma in rubuta tawa, takardar 'ya tana da nauyi, in ce uwata tana kuka kullum saboda nadama.

Omma ba ta kuka kullum. Tana goge firij ne, inda kwalbar take.

A hanyar dawowa ta saya mini ɗan gwangwanin jar tawada a shagon kayan rubutu, ta ce ni zan riƙe, tunda ni ce mai hannu mai tsabta. Na gode da ta jingina da kafaɗata ta yi barci a bas.

Laraba, 21 ga Yuni, bayan makaranta

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, yau na shiga gida-gida.

Mai shagon taliya ya dangwala. Direban bas ya dangwala a kan sitiyari. Matar fasto ta dangwala, ta haɗa ni da rabin kankana. Duk inda na shiga sai na haddace abin da zan ce tun daga ƙofa, in na buɗe baki ya gudu, sai in miƙa takardar kawai in sunkuya.

Zauren tsofaffi ne ya gagara. Ƙawayen Halmoni suna zaune da cinyoyi a waje suna murza zare, suka ja ni suka zaunar, suka cusa mini dafaffen dankali. Kaka Gwon ta ce na yi tsawo kamar karan gona, ko na fara soyayya ne? Wata ta ce ina, wannan da takarda take soyayya, mijinta a laburare yake. Suka yi ta dariya. Da na fito da tawadar sai kowa ta koma kan zarenta. Kaka Gwon ta ce, ba tare da ta dube ni ba, girbi saura kwana kaɗan, ma'aikata za su zo, in bari a ga ƙafar kakata tukuna. In ita ta sa, su ma za su sa.

Daga nan na je kemis wurin Malam Pyo. Shi ne yake ba mu magungunan Dohun tun farko, ya san mu fiye da wasu dangi. Ya karanta takardar har ƙasa, ya ninke tabaransa, ya ce ba zai sa ba.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko wata kwalbar maganin tari ya nuna mini rubutun jikinta, ya ce wannan ya san abin da ke ciki, ya san wanda ya auna, ya san wanda zai kama in ta cutar da yaro. Wadda Omma ta sayo fa? Wa ya auna? In wata ta zo da ƙarfi ninki biyu, ko da wani abu a ciki, wa za a tambaya? Ya ce Dohun ya yi dace, amma in ya dangwala, kamar ya ce wa kowace uwa a garin nan ta buɗe waya ta sayo abin da ta ga dama ta ɗiga wa ɗanta.

Na ce, a hankali, to ai da a nan ake sayarwa da ta saya a nan.

Ya mayar da kwalbar mazauninta. Ya ce, "Wannan kuma ba ni za ki faɗa wa ba, Nari."

Ya ba ni ɗan lemon kwalba na sha a hanya. Na so in tsane shi, abin ya ƙi. Tun da na dawo nake neman inda ya yi ƙarya ban samu ba.

Juma'a, da rana

An sauko da hular kwano daga saman kabad. Tumatir ne a ciki, na juye su a roba.

Asabar, 24 ga Yuni, da yamma

Sau huɗu. Ba zan rubuta yadda yake ba, na san yadda yake.

Na gode da muna kusa duk sau huɗun.

Litinin, 26 ga Yuni, da yamma

Omma ta zauna da takardar nadama tun bayan abincin rana. Na leƙa ta kafaɗarta, layi ɗaya ne: Mai girma mai gabatar da ƙara. Ta ce in zo in taimaka, tunda ni ce mai karanta littattafai, yaya mutane suke ba da haƙuri a ciki? Na ce galibi a ruwan sama suke tsayawa har su kamu da zazzaɓi. Ta ce to wannan ta iya, damina ta kusa.

Can ta ajiye biro ta ce ta iya rubuta cewa ta karya doka, don ta karya. Ta iya rubuta cewa ta jawo wa surukarta kunya. Amma duk sanda ta zo kan ba zan sake ba, sai hannunta ya tsaya. Dohun yana kwance a cinyarta da hularsa, yana kallon fanka. Tun jiya bai ce Nuna ba.

Halmoni ta shige ɗakin saƙarta ta ja ƙofa. Yau kwana uku ke nan da shigowar watan ƙari, wanda kalandar gargajiya take ƙarawa a wasu shekaru, ta ce tana da aiki.

Alhamis, 29 ga Yuni, da hantsi

Girbi. An ba mu hutun safe, duk ƙauye yana gona tun rana ba ta yi zafi ba. Maza suna yanka, mata suna kakkaɓe ganye suna ɗaure kara. Ma'aikata biyu suna tsaye a gindin bishiya suna fifita da hulunansu. Kowa ya fi kullum ladabi. Omma ba ta zo ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Aka tara ganyen tsibi guda aka cinna wuta, kamar kowace shekara. Tun ina ƙarama nake son wannan ranar saboda ana raba kankana. Yau na tsaya kusa da Halmoni ina kallon hayaƙin yana hawa, ina tunanin wauta, wai ko a cikinsa akwai safiya ɗaya da Dohun zai tashi lafiya. Na san ba haka abin yake ba, Malam Pyo ya taɓa ce wa Omma ganyen gona daban, abin da aka tace aka auna daban. Amma zuciya ba ta zuwa kemis.

Wani ganye ya maƙale a hannun rigar Halmoni. Ta cire shi, ta riƙe. Ta daɗe tana riƙe da shi, har na fara duban wajen ma'aikatan. Sai ta taka ta jefa shi a wuta da kanta, ta dawo ta tsaya, ta ce da ni ko da hayaƙin, "Kara halal, ganye laifi. Uwarsu ɗaya."

Ba ta ci kankana ba.

Asabar, 1 ga Yuli, da rana

Abin da ya faru ba zan iya tsara shi da kyau ba.

Omma ta shiga ɗakin saƙa neman almakashi. Na ji shiru, irin shirun da nake ji kafin Dohun ya faɗi, sai na bi ta. Tana tsaye riƙe da wata 'yar riga ta sambe, mai kyan saƙar da ban taɓa gani ba, yadin da Halmoni ta ɓoye shekara da shekaru ta ce nata ne na tafiya. Ba aljihu. Ɗinkin ba ƙulli ko ɗaya. Ga ɗan wando, ga safar hannu, ga abin rufe fuska. Duk yaron ƙauyen nan ya san likkafani in ya gani. Wannan daidai tsawon Dohun.

Omma ba ta yi ihu ba. Ta ninke shi, ta fito tsakar gida inda Halmoni take shanya kara, ta ajiye a gabanta ta ce, "Yana numfashi, Omonim. Yana ɗaki yana numfashi."

Halmoni ta buɗe baki, Omma ta juya. Ta ɗauki Dohun ta shige ɗakinmu ta rufe.

Na rasa wadda zan bi. Na tsaya a tsakiya kamar turmi.

Lahadi

Tebur biyu aka ci abinci. Ni na yi ta kai kwano ina dawowa.

Talata, 4 ga Yuli, bayan makaranta

Ruwa ya sauko. Na zauna in rubuta takardata yadda Lauya Bang ta ce. Na rubuta uwata tana nadama, na karanta, na ji kamar na ari bakin wata. Na yaga.

Sai na rubuta wata, ba don in kai ba, don dai hannuna ya huta. Na ba mai gabatar da ƙara labarin cokali. Na ce masa kafin sanyin bara ban taɓa rufe ƙofar banɗaki da sakata ba, ban taɓa zuwa gidan ƙawa na kwana ba, ban san yadda labari yake ƙarewa ba. Na ce ranar da ƙanena ya fara kirana Nuna ina wanke masa ƙafa ne, sabulu ya suɓuce mini. Na rubuta har abin da na ji ranar da aka ɗauke kwalbar, littafin da lemar da komai. Na ce ban san doka ba, kuma mai kemis ɗinmu yana da gaskiya da ya ce abin da ba a auna ba abin tsoro ne. Amma in ana neman wanda zai ce uwata ta cuce shi, a gidanmu babu. Ni dai godiya nake mata.

Babu kalmar nadama a ciki ko sau ɗaya. Wannan ita ce irin wadda aka ce kada a rubuta. In ta ɓata masa rai, ba ni za a kai kotu ba.

Kuma in Omma ta karanta za ta san wace ce 'yarta.

Na sa ta a cikin littafin, a shafin tashar jirgi. Har yau ban wuce nan ba.

Alhamis, 6 ga Yuli, da yamma

Na kai wa Halmoni shayin sha'ir ɗakin saƙa. Tana zaune ba ta aikin komai, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce in zauna in tsefe mata zare.

Ta tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ake ɗinka kayan tafiya a watan ƙari. Na ce don wata ne da ba na kowa ba, sama da ƙasa ba sa kallo. Ta ce wannan rabi ne. Wanda aka ɗinka wa nasa a watan ƙari yana daɗewa a duniya. Ita ta ɗinka wa surukarta, matar ta ƙara shekara ashirin tana zaginta. Ta ɗinka wa Kaka Gwon, ga ta can har yau ta hana kowa magana a zaure.

"Ba a yi wa yara," ta ce. "Na sani. Amma an ɗauke maganin da uwarsa ta samo. Ni kuma wannan kaɗai na iya."

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba? Ta ce wa ya tsaya ya ji?

Ban san Omma tana bakin ƙofa ba sai da na ga inuwarta a kan masaƙa. Ta zo kiran mu ne ko ta daɗe a wurin, ban sani ba. Halmoni ba ta juya ba, ta ci gaba da magana kamar da zaren take. Ta ce, "Maman Nari, ke kin sayo abin da hukuma ba ta son gani. Ni na ɗinka abin da uwa ba ta son gani. Wa zai yi wa wani faɗa?"

Omma ta leƙo ciki. Sannan ta ce, "Miyar tana hucewa, Omonim."

Tebur ɗaya.

Na gode. Na gode. Ban ma san wa nake yi wa ba.

Asabar, 8 ga Yuli, da hantsi

Halmoni ta warware ɗinkin tun jiya. Yau ta sake haɗa rigar, ta rage hannu, ta yi mata aljihu babba a gaba, kuma duk inda allura ta tsaya sai ta ƙulla, ta ƙara ƙullawa, tana cije zaren da haƙoranta na roba. Ta ce sambe ai ba na matattu kaɗai ba ne, da can duk yaron garin nan da shi yake shan iska a bazara.

Omma ce ta sa masa da hannunta. Ya yi ta shafa ƙirjinsa saboda kaushin. Ya cusa tumatir a aljihun, ya fashe, rigar da yadinta ya ci shekaru a ɓoye ta yi jan tabo tun ba a yi awa ba. Halmoni ta ce madalla, yanzu ta zama ta masu rai.

Ya faɗi sau ɗaya da rana. Da ya farfaɗo hannunsa ya tafi aljihu.

Litinin, 10 ga Yuli, da yamma

Halmoni ta ce in ɗauko gwangwanina in biyo ta. Ta shiga zauren tsofaffi ko gaisuwa ba ta gama ba ta shimfiɗa takardar a kan tabarma, ta danna yatsa a tawada, ta danna a ƙasan sunanta. Ta ɗaga.

Ba zane. Jan dunƙule kawai, sumul, kamar an ɗiga miya. Ta sake, haka. Shekarun tsaga zare sun cinye layukan yatsanta tas.

Kaka Gwon ta ce matsa can, tsohuwa, ba ki iya ba. Ta danna nata, ya fito kamar na Halmoni. Sai zauren ya kaure. Kowa tana turo ta kusa da ita, wai a ga wadda ta fi lalaci a saƙa, don ita ce za a ga zanenta. Da na wata ya fito da ɗan layi-layi suka yi mata ca, wai dama sun san tun tana amarya barci take a kan masaƙa. Ta rantse tsagewar sanyi ce. Na yi dariya har na manta ina jin kunya.

Ɗaya ce ba ta sa ba. Ɗanta ne yake riƙe da takardar izinin gonarsu, ta ce ba za ta yi abin da bai sani ba. Halmoni ta ce ta kyauta, ta miƙa mata dankali.

Na kira Lauya Bang na ce akwai matsala, yatsun ba sa fitowa. Ta yi dariya da abinci a baki, ta ce su ƙara hatiminsu a gefe, amma kada in kuskura in sake takardar, a bar wa mai gabatar da ƙara jajayen ya gani.

A hanya Halmoni ta riƙe hannuna saboda santsi. Duk ta shafa mini ja.

Laraba, 12 ga Yuli, bayan makaranta

Malam Pyo ya tare ni a ƙofar kemis ya ba ni ambulan a buɗe. Ya ce har yanzu ba zai sa hannu a tamu ba, wannan tasa ce, in karanta in na ga dama, in kuma lauya ta ce a jefar, a jefar.

Na karanta a ƙarƙashin rumfar bas. Ya rubuta cewa abin da Omma ta yi ganganci ne kuma da ta tambaye shi da ya hana ta. Ya rubuta cewa shi yake ba yaron magani tun yana jariri, kuma daga farkon sanyi zuwa watan jiya ba ta zo karɓar maganin gaggawa ba ko sau ɗaya, yanzu ta dawo karɓa. Ya ce bai san yadda za a haɗa waɗannan biyun ba, aikin masu yin doka ne, amma ya fi son ranar da zai miƙa mata abin da hannunsa, da awo a jikin kwalba. Bai roƙi komai ba. Bai ce tana nadama ba.

Na karanta wa Lauya Bang ta waya. Na ji ta daina tauna. Ta ce irin wannan tana iya taimako, tana iya ɓatawa, ya danganta da wanda ya karanta da kuma abin da ya karya da shi. Ta ce a bar wa Omma ta zaɓa, wuyanta ne. Sannan ta ce ina tawa? Na ce tana zuwa.

Alhamis, 13 ga Yuli, da yamma

Gobe Omma za ta kai takardun. Ta gama tata. Ta rubuta cewa ta karya doka tana sane, tana ba da haƙuri ga surukarta da mutanen garinta, kuma za ta bi duk hanyar da aka buɗe mata ta halal. Layin nan da hannunta yake tsayawa a kai, ban ga ta rubuta shi ba, ban kuma tambaya ba. Ta sa ta Malam Pyo a ciki. Ta ce mutumin da ya ƙi yi mata ƙarya ba za ta bar shi a gida ba.

Sun baje a tebur, ita da Halmoni, suna jera su. Shafin tsofaffi kamar an watsa 'ya'yan itace. Omma ta ce saura ta babbar 'yata, ko marubuciyar gidan nan ta fi ƙarfinmu ne? Na ce ina zuwa, na gudo ɗaki.

Na buɗe littafin a tashar jirgi. Yarinyar tana nan tsaye inda na bar ta, shi ma yana bayanta da lemarsa, wata guda ke nan ruwa yana dukansu. Na ciro takardar na sake karantawa. Na nemi inda zan saƙa kalmar nadama, ko ɗaya, ko a gefe. Ba ta zauna a ko'ina ba.

Halmoni ta ɗinka abin da ta iya. Malam Pyo ya rubuta abin da ya gani. Ni abin da nake da shi ke nan, godiyar yarinya mai son kanta wadda aka ba ta sanyi guda da bazara guda ta zama kamar kowa. Ban san ko zai taimaka ba. Ba ni zan yanke ba, Omma ce za ta karanta, har wurin littafin da lemar, ta ga ko za ta sa a ambulan ko za ta sa a murhu. Abin da ya fi ba ni tsoro ba mai gabatar da ƙara ba ne, fuskarta ce in ta kai wannan layin.

Dohun ya turo ƙofa yanzu da hularsa a karkace da rigarsa mai tabo. Ya zauna a kan ƙafata. Na buɗe gwangwanin na danna. Nawa ya fito da zanensa duka, layi bayan layi, yatsan da bai taɓa aikin komai ba sai juya shafi. Shi ma ya miƙo nasa, na bar shi ya dangwala a bangon littafin.

Ina jin Omma tana wanke shinkafa. In ta tsane hannunta zan miƙa mata takardar.